Lexus ES350 da ta ƙi tashi a Unguwar Rimi: daga madannin inji zuwa wayar fitilar baya

Motar Lexus ES350 ce ƙirar 2008, mai injin V6 na lita 3.5, shigowar Amurka, irin wadda ba ta da ramin zura makulli. Rimot yana aljihu, a taka birki, a danna madanni, inji ya tashi. Ƙorafin mai ita shi ne yau ta tashi, gobe ta ƙi. In ta ƙi, dannawar farko rediyo ke kamawa, ta biyu fitilun dashbod su kunnu gaba ɗaya, ta uku komai ya mutu, amma kik, wato na'urar da ke juya inji ya tashi, ko motsi ba ya yi. Babu ƙaras-ƙaras ɗin nan na batir mai rauni, shiru kawai. Ranar da aka kira mai wayarin tana ajiye a wani gida a Unguwar Rimi da ke Kaduna, tsakiyar damina, ta kwana ta wuni ba ta tashi ba.

Kafin ya iso an riga an yi mata abubuwa. An canza batirin rimot sau biyu. An jona mata batirin wata mota, ba ta kula ba. Wani ya ce madannin ne ya lalace a je kasuwar Panteka a nemo Beljiyam, wato kayan da aka ciro daga tsofaffin motocin waje, wani kuma ya ce biren bos ne, wato kwamfutar motar, wanda shi ne hukuncin da ake yanke wa duk motar da aka rasa gane kanta. A cikinsu babu wanda ya tambayi launin ɗan hasken da ke jikin madannin in an taka birki, alhali daga nan ya kamata a fara.

Abin da motar ke jira kafin ta juya kik

Madannin ba ya kai wuta ga kik kai tsaye kamar yadda makullin da ake murɗawa yake yi. Saƙo kawai yake aika wa kwamfutar motar, ita kuma sai ta tabbatar da wasu sharuɗɗa: rimot ɗin da ta sani yana cikin mota, an taka birki, giya tana P ko N, makullin sitiyari ya saki. In ɗaya ya gaza, ba za ta ba rilen kik, ɗan suwicin da ke kunna shi, wuta ba. Abin da za ta yi shi ne ta ɗauka direba rediyo ko fitilun dashbod yake son kunnawa, sai ta riƙa zagaye tsakanin kashe, ACC (matakin rediyo) da ON (matakin fitilun dashbod). Wannan zagayen shi ne ainihin abin da mai motar ya kwatanta.

A wannan ƙirar, da Camry ta 2007 zuwa 2011 da ake ce wa Muscle mai irin wannan madanni, ɗan hasken jikin madannin yana faɗin inda aka tsaya. Kore tsayayye in an taka birki yana nufin sharuɗɗa sun cika, a danna ta tashi. Ruwan lemo tsayayye yana nufin mota tana ACC ko ON. Kore mai ƙiftawa yana nufin sitiyari ya ƙi saki, yawanci don an ajiye mota taya na tokare da dakali ko bakin kwalbati. Maganinsa a riƙa juya sitiyarin hagu da dama a hankali ana danna madannin. Ruwan lemo mai ƙiftawa kuwa matsala ce a cikin tsarin kansa, nan ne ake buƙatar sa mata kwamfuta.

Da mai wayarin ya zauna ya taka birki, kore bai fito ba. Ya sake takawa da ƙarfi, domin akwai abin da ke ruɗar mutane a nan: in an yi ta taka birki inji na kashe, iskar da ke taimakon birki tana ƙarewa bayan takawa biyu ko uku, fedar ta yi tauri kamar an sa mata dutse, har ƙafa ta kasa kai ta inda suwicin birki zai kama. Motoci da yawa da aka ce sun ƙi tashi, takawa mai ƙarfi kawai suke so. Wannan dai ko da aka danne fedar har ƙasa, kore bai zo ba.

Rimot da batir

Duk da alamar ta nuna wajen birki, an fara kawar da abubuwa biyu masu sauƙi, don kada a bar baya da ƙura.

Rimot ɗin da motar magana suke yi ta hanya biyu. Eriyoyin cikin mota suna aika sigina mai gajeren zango, wajen kilohaz 134, su tashi rimot ɗin; shi kuma ya amsa da lambarsa a kan megahaz 315 in motar ta kasuwar Amurka ce, ko 433 in ta Turai ce. Shi ya sa rimot ɗin da aka tsinto a kasuwa, ko da kamanninsa ɗaya da na motar, ba lalle ya yi rajista ba. In motar ba ta ji amsa ba, tana rubuta "Key not detected" a allon dashbod, kuma ba za ta ma shiga ACC ba. Wannan motar tana shiga ACC da ON ba gardama, wato ta gane rimot ɗinta. Wannan kaɗai ya isa a ce canza batirin rimot sau biyu asarar kuɗi ce.

Amma da aka buɗe rimot ɗin an ga wani abu. Batirinsa CR1632 ne, volt 3, kuma lambar ma'auni ce: faɗi milimita 16, kauri 3.2. Abin da aka samu a ciki CR1620 ne, mai kaurin milimita 2, an cusa masa ninkakkiyar takardar katin waya a baya don ya matse. Yana aiki, amma ƙarfinsa bai kai ba, kuma duk ranar da takardar ta goce rimot ya mutu. An sa masa na ainihi. An kuma nuna wa mai motar abin da littafinta ya tanada in batirin rimot ya mutu a hanya: a zaro ɗan makullin ƙarfe da ke cikin rimot a buɗe ƙofa, a taka birki, a manna gefen rimot mai tambari a jikin madannin, in ta yi ƙara a danna nan take. Akwai ɗan nannaɗin waya a bayan madannin da ke ba rimot ɗin wuta ta iska, don haka ko babu batir sam zai amsa.

Babban batir kuwa mita ta nuna volt 12.4 a kan sandunansa, mota na kashe. Cikakken batir yana ba da wajen 12.6, rabin caji wajen 12.2, don haka 12.4 bayan an wuni ana kunna dashbod ba abin zargi ba ne. Kawunan batir a ɗaure suke, babu farin garin nan da ke taruwa a kansu. Da batir ne matsalar, alamar daban ce: kore zai fito, a danna, a ji ƙas ko ƙaras-ƙaras, fitilun dashbod su dushe. Da suwicin giya ne, wanda ke gaya wa kwamfuta cewa ana P, sai a gwada tayarwa a N, kuma a duba ko harafin P yana fitowa daidai a dashbod. A nan P yana nan daram.

Gwaji ɗaya da ya wanke rabin motar

Littafin motar yana da hanyar tayarwa ta gaggawa wadda masu irin motar kaɗan ne suka sani. A ja birkin ajiye mota, giya a P, a danna madanni sau ɗaya ba tare da birki ba don a shiga ACC, sannan a taka birki sosai a danne madannin a riƙe kamar daƙiƙa 15. Ta wannan hanya kwamfuta tana juya kik ko da saƙon birki bai iso mata ba.

Aka yi haka, inji ya tashi lafiya lau. Mita a kan batir ta sauka zuwa 10.4 lokacin da kik ke juyawa, sama da 9.6 da ake ɗauka a matsayin iyaka, sannan ta hau 14.0 da altaneta ta kama. Da wannan gwaji guda an wanke madannin, rimot, na'urar hana sata, makullin sitiyari, suwicin giya, rilen kik, kik ɗin kansa, batir da biren bos. Duk abin da aka ce a saya, lafiyarsa ƙalau.

Inji na aiki aka ce yaron gareji ya tsaya a baya. Aka taka birki, fitilun birki ba su kama ba, har ta saman gilashi. Aka gwada fitar da giya daga P, ta ƙi, domin makullin giya ma saƙon birkin nan yake jira. Akwai ɗan murfi kusa da sandar giya da ake ɓallewa a danna a saki giyar da hannu, amma wannan na jan mota ne zuwa gareji. Mai tayar da mota ta hanyar gaggawa ya saki giya da hannu ya hau titin Ahmadu Bello da ita, ya sani babu fitilar birki yake tafiya, ga Keke Napep a manne da bayansa.

Kwamfuta da aka sa ta nuna lamba ɗaya mai amfani, P0504, wadda ke nufin layukan suwicin birki guda biyu ba su yarda da juna ba.

Fis, suwic, da abin da ya ƙona su

Wutar fitilun birki tana tasowa daga fis ɗin da aka rubuta wa STOP, mai amfiya 10, a akwatin fis na ƙarƙashin dashbod ta gefen direba. Daga nan ta bi suwicin da ke saman fedar birki, sannan ta rabu: zuwa fitilun baya, zuwa makullin giya, zuwa kwamfutocin da ke buƙatar sanin an taka birki.

Da aka zaro fis ɗin, jan robarsa ta yi baƙi ta gefe guda ta ɗan narke. Zaren cikinsa ya daɗe da tsinkewa. Abin da ke riƙe da layin silin wayar tagulla ne huɗu ko biyar da aka murɗe aka naɗa tsakanin ƙafafunsa biyu. Sai a lokacin aka sake zama da mai motar.

"Alhaji, an taɓa taɓa wannan akwatin?"

Ya ce watannin baya an ɗan buge shi ta baya, ɓangaren hagu, mai fanal bita ya gyara ya mayar da fitila. Bayan 'yan makonni motar ta ƙi tashi a bakin kasuwa, wani yaro mai wayarin ya leƙa ƙarƙashin sitiyari, cikin minti biyar ta tashi, ya ce fis ne. Tun daga nan ta yi lafiya na wani lokaci, sannan ta fara wannan ciwo na yau da gobe.

Labarin ya haɗu ke nan, saura tabbatarwa. Fis ba safai yake ƙonewa don tsufa ba. Ko da ƙwan fitila biyu ne masu watt 21 kowanne, abin da suke ja bai kai amfiya 4 ba, don haka fis mai amfiya 10 yana da sarari sosai. In ya tsinke, yawanci wani wuri waya ta taɓa bodi. Yaron bakin kasuwa ya bar jaki ya daki taiki: ya hana fis ɗin tsinkewa, sai wutar da ta wuce kima ta nemi wuri na gaba mafi rauni, wato bakin ƙarfen da ke haɗuwa a cikin suwicin birki.

Gwajin suwicin yana da abin da ke juya wa sabon hannu tunani. In feda tana hutawa, ita ce ke danne da ɗan sandan suwicin. In an taka birki ne sandan ke fitowa. Suwicin yana da ƙafafu huɗu, layi biyu. Layi na farko, na fitilu, yana haɗuwa in sanda ya fito. Layi na biyu akasin haka yake, yana rabuwa in an taka, kuma kwamfutar inji tana kwatanta su biyun don ta gane ƙarya. Lambar P0504 daga nan ta fito: an taka birki, layi na biyu ya rabu yadda ya kamata, na farko bai kawo wuta ba.

A soket ɗin suwicin, ƙafar shigowa tana da 12.4. Ƙafar fita, in an taka, wani lokaci sifili, wani lokaci ta yi tsalle zuwa 7 ko 8 ta koma. Aka murɗa suwicin kwatan zagaye zuwa hagu aka zaro shi. Da sanda a sake, layin fitilu ya kamata ya nuna ƙasa da om 1 a mita, om kuwa ma'aunin yadda layi ke tare wuta ne. Wannan yana yawo daga om 30 zuwa sama da 200, yana canzawa in an ƙwanƙwasa shi da yatsa. Yana kuma warin ƙonanniyar roba. Ranar da ƙonannen bakin ya dace ya haɗu, mota ta tashi. Ranar da bai dace ba, ta ƙi.

A nan ne gyara da yawa ke lalacewa. Sauƙin abu shi ne a sa sabon suwic da sabon fis, mota ta tashi, a karɓi kuɗi. Bayan kwana uku ko mako fis ya sake tsinkewa, mai mota ya ce an sa masa jabu. Sai an nemo inda wayar ke taɓa bodi tukuna, kuma kafin a sa sabon suwic, don kada shi ma ya sha wuta.

Hanyar da aka bi ba ta buƙatar na'ura mai tsada. An ɗauko ƙwan fitila mai watt 21, aka jona masa wayoyi biyu, aka cusa su a ramin fis ɗin STOP a madadin fis. Sannan aka haɗe ƙafafu biyu na layin fitilu a soket ɗin suwic da guntuwar waya, kamar an taka birki an riƙe. Yanzu duk wutar layin ta cikin ƙwan take bi, kuma ƙwan ba zai bar fiye da amfiya 2 su wuce ba, don haka babu abin da zai ƙone. In layi lafiya yake, ƙwan ba zai kai cikakken haske ba, domin yana raba wuta da fitilun baya. In waya ta taɓa bodi, zai haska da dukkan ƙarfinsa. Amfanin wannan a kan mita shi ne ana hango shi daga bayan mota, hannu biyu suna aiki.

Da farko ƙwan ja-ja ya yi, alamar a wannan lokacin babu taɓawa. Aka buɗe but, aka cire shimfiɗar gefen dama aka girgiza wayoyi, babu canji. Aka cire ta hagu. Hannu na taɓa damin wayar da ke shiga bayan fitila, ƙwan ya yi fau, ya koma. Aka danna wurin, ya tsaya da haske. Aka zare soket ɗin fitilar hagu, aka sake dannawa, har yanzu yana haskawa, wato ba cikin fitilar ba ne, a wayar ne kafin soket.

Mai fanal bita bai mayar da damin cikin maƙalinsa ba. Ya bar shi ya ratsa ta ƙarƙashin ɗaya daga notocin da ke ɗaure fitilar, ya ɗaure notin a kansa. Gefen ƙarfen ya yanke robar waya guda, tsawon da bai fi ƙwayar shinkafa ba, tagullar ta fito ta yi kore saboda ruwan da ke ɗiga ta gefen fitilar da ba ta zauna daidai a kan robarta ba. A jikin fentin wurin akwai ɗigon baƙi na tartsatsi. Taɓawar ba kullum ba ce: sai an taka birki a daidai lokacin da mota ta faɗa rami, ko kaya a but sun jingina da wurin. Shi ya sa abin ya ɗauki watanni yana cin suwicin a hankali maimakon ya ƙone waya rana ɗaya.

Gyaran

An cire kan batir na negetif. Aka yanke wurin da ya lalace har inda tagulla ke da haske ta kowane gefe, aka ƙara guntuwar waya mai kauri ɗaya, aka haɗa da dalma, aka rufe da robar nan da ke tsukewa in ta ji zafi. Murɗa waya da hannu a naɗe da salatif ba ya daɗewa a wurin da ruwa ke shiga. Gam ɗin salatif yana saki da zafin Maris da Afrilu. Aka mayar da damin cikin maƙalinsa nesa da noti, aka kwance fitilar aka zaunar da ita daidai, aka zuba ruwa da bokiti ta waje aka duba ciki ya bushe. An kuma bi damin daga but zuwa ƙarƙashin kujerar baya ana lallatsawa, domin layin da aka hana fis ɗinsa aiki yana iya narkar da roba a wani wurin ya manne da maƙwabciyar waya. Ba a sami wani tabo ba.

Sabon suwic mai ƙafa huɗu aka nemo da lambar da ke jikin tsohon. A wannan kayan sabo na ainihi ya fi Beljiyam, domin na Beljiyam ya riga ya sha takawa shekara da shekaru, kuma ba a gane saura nawa ya rage masa da ido. Sa shi yana da ƙa'ida: feda a sake, kada a taka ta, a tura suwicin cikin mazauninsa har jikinsa ya taɓa ɗan matashin robar da ke jikin fedar, sannan a murɗa kwata zuwa dama ya kulle. Mazaunin ne ke daidaita tazarar. In an tura shi bai kai ba, fitilun birki za su zauna a kunne su shanye batir cikin dare. In an matse shi fiye da kima, sai an taka da nisa kafin kore ya fito. Shi ma matashin robar an duba shi, domin a tsofaffin motoci yakan farfashe ya faɗo kan kafet, sanda ya rasa abin da zai danne shi, fitilu su ƙi mutuwa.

Akwai gyaran da ake yi a wasu garejin wanda aka ƙi yi a nan, ko da yake ya fi sauri: a haɗe wayoyin suwicin dindindin don kwamfuta ta ɗauka kullum ana taka birki, ko a ja waya daga batir zuwa kik a sa wani madanni na daban. Na farko yana sa mota ta tashi da taɓawa ɗaya ko yaro ne ya danna, giya ta fita daga P ba birki, kuma na'urar ABS mai hana taya kullewa in an taka birki da ta hana santsi su riƙa samun saƙon ƙarya. Na biyu yana juya kik ko mota tana cikin giya. Duka biyun suna barin ainihin wayar da ta yanke tana nan tana tartsatsi a cikin but.

Da aka sa fis mai amfiya 10 aka mayar da batir, taɓa birki kaɗan kore ya fito, fitilun baya uku suka kama, aka saki suka mutu. Giya ta fita daga P. Aka goge P0504, aka zaga da motar ta hanya mai ramuka ana taka birki a kai a kai, lambar ba ta dawo ba, fis bai yi ɗumi ba.

Abu ɗaya aka bari a buɗe. Bakin ƙarfen ramin fis ɗin STOP ya sha zafi lokacin da tagullar ke ciki, ya ɗan saki, launinsa ya canza. An matse shi da siririn tsinke har fis ya shiga da ƙyar, aka auna faɗuwar wuta a tsakanin ƙafafunsa biyu birki na take, bai kai volt 0.1 ba. Canza akwatin gaba ɗaya aiki ne babba, domin wasu layuka da yawa a jikinsa suke, don haka aka bar shi, da sharaɗin a zaro fis ɗin a duba a canjin mai na gaba. In robarsa ta fara yin ruwan ƙasa ta gefe guda, ramin ne ke zafi, sai a fitar da layin zuwa mazaunin fis na waje mai amfiya 10 ko a canza akwatin.